Gutsure Biyar Sun Isa

Wasunku sun rubuto mini wai na cika ja wa mutane rai, ko dai in ce ina son Dogo ko in ce ba na son sa, kowa ya huta. Wallahi da na san amsar da tuni na faɗa muku, na faɗa wa Ummata, na faɗa wa kaina. Abin da ya faru a makon nan kuwa ƙara dagula mini lissafi ya yi, kuma da na ce lissafi ba salon magana nake yi ba, lissafin gaske nake nufi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, ina digiri na biyu a fannin kwamfuta. Yayyena duk sun yi aure sun bar ni da Umma da Baba. Dogo shi ne mai nemana. Ya riga ni gama karatu a sashenmu, yanzu yana aiki a wani kamfani da ke rubuta manhaja. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni da kaina na ba shi izinin zuwa gida. Sai dai tun ranar da Baba ya gan shi ya ce yaron ya yi masa, na ji maganar ta kuɓuce daga hannuna tana tafiya ita kaɗai. Da na ga za ta fi ƙarfina sai na roƙi alfarma ɗaya: a bari in kare kundin bincikena a gaban malamai tukuna. Baba ya ce ya amince, amma da zarar na kare, ba ya son jin wani uzuri. A lokacin gani nake ranar tana can nesa. To ga ta nan ta ƙaraso, saura 'yan makonni.

Ranar da abin ya fara, telarmu ce ta zo gida da safe. Mace ce mai surutu, igiyar awo a wuya, allurai soke a bakin mayafi. Umma ta baza yaduka a kan kujerun falo: wani ruwan toka marar ado na ranar kare kundi, sai leshi ruwan madara mai duwatsu na ɗaya ranar, wadda ba na son kiran sunanta. Telar tana awo tana mita, wai ƙugun da ta auna wancan karon ba shi ne wannan ba, in na ci gaba da ramewa haka sai ta rage rigar sau biyu. Umma ta ce karatu ne, da an gama zan murmure. Sai telar ta tambaya wai wane irin karatu ne wannan mai cin naman mutum.

Na saba da tambayar, har ina da misalin da nake bayarwa. Na ce mata, “A ce an ba ki kalmomi uku: kaza, zabo, boka. Aka ce ki rubuta su a layi ɗaya, kowacce ta fito cikakkiya, amma ki yi tsimin haruffa. Ƙarshen kaza shi ne farkon zabo, ƙarshen zabo shi ne farkon boka. Sai ki ɗora su a kan juna, su zama kazaboka. Haruffa takwas ke nan maimakon goma sha biyu.”

Ta cire allura daga baki ta ce ita fa ba ta ga abin zuwa jami'a a nan ba. Na ce da uku wasa ne. Amma in gutsattsarin sun kai dubbai, kamar yadda na'ura ke karanto ƙwayoyin halittar mutum gutsure-gutsure a nemi a haɗa su, babu wanda ya san hanyar da kwamfuta za ta gano layi mafi gajarta ba tare da ta share shekaru tana gwaji ba. Shi ya sa mu masu wannan aiki muka haƙura da neman mafi gajarta. Dabara muke nema mai sauri wadda za ta kusanto shi, ta kuma zo da alkawari: ba zan ba ka mafi gajarta ba, amma abin da zan ba ka ba zai taɓa wuce wata iyaka ba. Akwai tsohuwar dabara da muke kira ta haɗama, wadda kullum take cafke gutsure biyun da suka fi hawa kan juna ta manne su, ba ruwanta da abin da zai biyo baya. Ni kuma gyara na yi mata. Na sa ta ware gutsattsarin da ke maimaita kansu, irin su lalala, ta bar su sai daga ƙarshe. A babi na huɗu na kundina na kafa hujja cewa, ga irin gutsattsarin da nake nazari, dabarata ba za ta taɓa ba da layin da ya wuce ɗaya da rabin mafi gajarta ba. Wannan alkawarin shi ne kundin gaba ɗaya. Sauran babukan rakiya suka yi masa.

Umma dai a duk bayanin nan abin da ta riƙe shi ne boka. Ta ce in daina kawo shi a misali, kada surukai su ji su ɗauka wani abu ne.

Da rana na tafi makaranta. Ɗakin kwamfutocinmu yana hawa na biyu, dogo ne mai tagogi a gefe ɗaya, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin wani bokiti da ba wanda ya san mai shi. Teburina yana can ƙurya kusa da allo. Abin da na je yi ba wani abu ba ne, zane nake son haɗawa na ranar kare kundi, in nuna wa malamai yadda dabarata take aiki a zahiri. Na rubuta ɗan ƙaramin shiri da zai riƙa ƙirƙiro gutsattsari barkatai, kaɗan-kaɗan, yadda kwamfuta za ta iya gwada kowane jeri ta san ainihin mafi gajarta, sannan ta auna shi da abin da dabarata ta bayar. A baya na sha yin irin wannan gwaji, amma da haruffa huɗu nake yi. Ranar nan don kasala na bar su biyu, a da b. Na danna, na jingina ina duba saƙonnin Yayata, wadda ta turo mini hotunan takalma har kala tara tana cewa in zaɓa.

Da na ɗago kai, ɗigogi sun cika fuskar kwamfutar, kowane ɗigo sakamakon gwaji ɗaya, duk suna ƙasa da jan layin da na ja a kan ɗaya da rabi. Duk, ban da guda ɗaya. Yana can sama da layin shi kaɗai.

Ban ma damu ba da farko. Na ce kuskuren rubuta shiri ne. Na bi shirin layi-layi, ban ga komai ba. Na fito da gutsattsarin da suka jawo ɗigon, na riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya ina sake gwadawa, har suka rage shida waɗanda in na taɓa ko guda ɗigon sai ya koma ƙasa. Sai na ɗauki alƙalami na yi aikin da hannu kamar 'yar aji ɗaya. Mafi gajarta haruffa talatin ne. Alkawarina ya ce kada dabarata ta wuce arba'in da biyar. Ta ba ni arba'in da takwas. Na sake, arba'in da takwas. Na buɗe babi na huɗu da waɗannan shidan a gabana, kuma ban yi nisa ba na ga ramin. Akwai wani wuri da na rubuta cewa a bayyane yake gutsure biyu masu maimaita kansu ba za su iya hawa kan na uku ta fuska ɗaya ba. A bayyane yake. Ni na rubuta, Farfesar da ke duba aikina ta karanta ta wuce, kuma ba gaskiya ba ne.

A nan ne nake so ku fahimce ni, don ni ban fahimci kaina ba. Aikin da na ɓata kusan shekara biyu a kansa ya rushe a gabana. Ya kamata in yi kuka, ko jiri ya ɗebe ni. Na zauna ina jiran kukan, bai zo ba. Abin da na ji shi ne kamar an kwance mini wani ɗauri a ƙirji, numfashina ya sauka har ciki. Sai yunwa. Na sauka kantin abinci na ƙasa na ci faranti guda tas, na ƙara da lemo, ni da na yi makonni ina tsakurar abinci. Ina cikin ci wani tunani ya ratsa ni a hankali: in babu hujja babu kare kundi, in babu kare kundi babu ɗaya ranar. Na ajiye cokali. Na ce a raina, ke, wace irin mutum ce ke? Kina murna da rushewar aikinki?

Wayata ta yi ƙara. Dogo ne, da saƙonsa na kullum.

“Malama, an ci abinci?”

“An ci,” na rubuta. “Ina son ganinka gobe. Maganar aiki ce.”

“Aikin wa?”

“Nawa. Babi na huɗu.”

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo, ta daɗe, ta sake ɓacewa. Daga ƙarshe abin da ya iso shi ne, “To. Ki zo lokacin hutun rana.” Ban kawo komai a raina ba. Dama shi ba mai dogon saƙo ba ne. Kuma wa zan kai wa in ba shi ba? Watanni da suka wuce, kafin in miƙa wa Farfesa babin, shi na fara bai wa ya duba mini. Ya dawo da shi da gyare-gyaren waƙafi da rubutu, ya ce aiki ya yi kyau.

Washegari na sa doguwar riga baƙa da mayafi ruwan ƙasa, ko hoda ban shafa ba. Umma ta bi ni da kallo ta ce in wurin yaron nan za ni, ai sai in ɗan gyara fuska. Na ce makaranta za ni. Ban san me ya sa na yi ƙaryar ba.

Ofishinsu babban ɗaki ne, tebura a jere, kowa da abin sauraro a kunne. Ya tarye ni a bakin ƙofa da riga mai gajeren hannu, katin aiki rataye a wuya, ya sunkuyo kamar yadda ya saba in zai yi mini magana. Ya kai ni wani ƙaramin ɗakin taro mai bangon gilashi, tebur ɗaya, kujeru huɗu, farin allo da ragowar rubutun wasu. Ya kawo mini ruwa. Ban sha ba. Na ce ya zauna kawai ya kalla, kada ya ce komai sai na gama. Na goge allon na fara rubuta gutsattsarin, a da b, a da b, ina juya masa baya don kada in ga fuskarsa lokacin da zai gane. Tausayinsa ma nake ji, ina tunanin yadda zan lallashe shi. Na rubuta na ɗaya, na biyu, har na biyar. Na ɗora alƙalami zan fara na shida.

“Ba sai kin sa na shidan ba,” ya ce daga bayana, a hankali. “In kika ƙara wa na uku harafi ɗaya a gaba kika rage na baya, biyar sun isa.”

Na dubi na ukun. Na yi abin da ya ce a cikin kaina. Gaskiya ne, biyar sun isa. Har na buɗe baki zan ce masa kai, amma kana da kaifin ido. Sai na tsaya. Ni awanni na yi da kwamfuta kafin in rage su zuwa shida. Ban gaya masa mafi gajarta nawa ba ne, ban gaya masa me nake shirin nunawa ba. Ba wanda zai kalli wannan tarkacen a da b ya ga haka nan take.

Na juyo. Hannunsa yana kan bakinsa, kamar mai son mayar da maganar.

“Tun yaushe?” na ce.

Bai yi gardama ba, wannan kam zan faɗa. Ya ce tun lokacin da na ba shi babin. A karatu na biyu ya tsaya a kan wannan a bayyane yake ɗin, bai gamsu ba, ya zauna ya ƙera misali da hannu. Ya ce ya ɗauki waya zai kira ni a ranar, sai ya tuna yadda fuskata take lokacin da na miƙa masa takardun, ya kasa. Ya yanke shawarar zai gyara hujjar da kansa tukuna, ya kawo mini ciwon da maganinsa a tare. Ya yi ta fama bayan tashi daga aiki, mako ya bi mako, har ya tabbata ɗaya da rabi ba zai taɓa tsayawa ba. Kafin nan kuma Farfesa ta sa hannu, an fitar da ranar kare kundi, Baba ya kira kawunnan Dogo sun tsayar da magana.

Na ce to da ya ga ba ya gyaruwa fa? Me ya hana shi faɗa?

Ya daɗe yana juya kofin ruwan da ban sha ba. Sannan ya ɗago ya dube ni ido cikin ido.

“Tsoro na ji. Na san ki. Na san in na ba ki dalilin ɗagawa za ki riƙe shi da hannu biyu. Kuma ban tabbata in aka ɗaga za a sake sa wata ranar ba.”

Jama'a, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zo da fushina cikakke, ina da gaskiya ta kowace fuska, sai ga shi ya faɗi abin da na ji jiya a kantin abinci, wanda ban gaya wa kowa ba. Na rasa wanda zan fara jin haushi, shi ko ni. Na ce masa sunana ne a bangon kundin nan, ba nasa ba. Na ce da ya bar ni in tsaya gaban malamai in rantse a kan abin da ya san ƙarya ne. Ya ce Farfesa ba ta gani ba, da wuya malaman da za su zo ranar kare kundi su gani. Yana faɗa ya runtse ido, ya ce ya san wannan ba hujja ba ce, shi ma bai yarda da ita ba, kawai ita yake faɗa wa kansa don ya samu ya yi barci. Na ce kuma in wani ya ɗauki alkawarina ya gina nasa aikin a kai? In bayan shekaru wani ɗalibi a wata ƙasa ya rubuto ya ce ga gutsure biyar? Ta gilashin ina ganin wani abokin aikinsa ya ɗago kai yana leƙenmu, sai na rage murya.

Da na ɗauki jakata sai ya ce in tsaya, akwai saura. Wai a wannan faman da ya yi bai tashi a banza ba. Ɗaya da rabi ya faɗi, amma yana ganin ɗaya da kashi uku cikin huɗu zai tsaya, kuma ya kai fiye da rabin hujjar. In na karɓa muka zauna tare, mai yiwuwa in sauya babin kafin ranar, ba sai an ɗaga komai ba. Ya ce ba ya son a sa sunansa ko'ina, nawa ne, dama don ni ya yi.

Kun san abin da ya fi ba ni haushi? Sai da na ji ina son ganin hujjar. A tsakiyar wannan tashin hankalin, wani ɓangare na kaina ya riga ya fara tambayar ta ina ya bi, yaya ya yi da masu maimaita kansu. Da a ce wani ne can ya zo mini da wannan, da na ja kujera mun zauna har yamma. Wannan ne ya sa tun farko na kula shi, shi kaɗai ne nake yi wa maganar aikina bai yi hamma ba. Amma in na karɓa, kundin wa zan kare? Kuma in zauna a gidan mutum ina sane da cewa digirina daga aljihunsa ya fito, shi ma yana sane?

Na ce masa kada ya kira ni. Ya raka ni har bakin titi duk da haka, yana tafe a bayana kaɗan. Da na shiga mota na waiwaya, yana nan tsaye da katinsa a wuya, ya yi wani iri kamar yaron da aka manta a makaranta. Tausayinsa ya kama ni, sai na ji haushin tausayin.

Na samu Umma a ɗakinta bayan la'asar tana ninke wanki a kan gado, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Na zauna a bakin gadon na ɗauki zani ina taya ta. Ban yi niyyar faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. Na ce akwai kuskure a kundina, babba, irin wanda ba a gyara shi da gogewa. Ta ce kuskuren rubutu? Na ce a'a, alkawarin da na yi ne bai tsaya ba. Ta tambaya malamar tawa ce ta gano? Na ce ni ce. Ta ce wa ya sani bayan ni? Sai na gaya mata komai, har da watannin da ya yi yana ɓoyewa.

Na zaci za ta ce in rufa wa kaina asiri in yi shiru, an riga an gaya wa dangi, an kama wurin taro. Ko kuma ta kare Dogo ta ce so ne ya jawo. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da ninke rigar Baba, ta daidaita wuyan, ta ajiye. Ta ce ita ba ta san kan wannan lissafin namu ba, kuma ba za ta ce in je in faɗi abin da na san ba haka yake ba, ba ta haife ni don haka ba. Game da yaron kuwa, ta ce ita ma ta rasa inda za ta ajiye abin da ya yi. Bai kyauta ba. Amma ta ga maza da yawa a rayuwarta, ba ta taɓa ganin wanda ya yi watanni yana yi wa mace aikin makaranta a ɓoye ba.

Sai ta juyo ta dube ni sosai.

“Auta, da kika ga kuskuren nan, kin yi kuka?”

Na ce a'a.

“Na sani. Jiya da kika shigo gidan nan har waƙa kike yi a ƙasan maƙoshi. Rabon da in ji haka tun kafin a sa rana.” Ta ɗauki wani mayafi ta karkaɗe. “Ni zan iya tarar Babanki da maganar ɗagawa. Zai yi faɗa, zai huce. Amma ba zan je masa da rabin magana ba. Ki gaya mini, kundin za a ɗaga, ko yaron ne ba kya so?”

Na buɗe baki. Wallahi na yi niyyar amsawa. Na ce a raina ba na son sa, sai na tuno shi tsaye a bakin titi, tausayinsa ya sake kama ni. Na ce ina son sa, sai na tuno muryarsa a bayana yana cewa biyar sun isa. Na ce mata ban sani ba. Ta ce to in je in sani, ita ba ta gaggawa, amma telar tana yanka leshin nan a ƙarshen mako, kuma yadi in an yanka shi ya yanku.

Bai kira ba, kamar yadda na ce. Saƙon an ci abinci ma bai zo ba. Na duba wayar ya fi a ƙirga, ina jin haushin bai turo ba, alhali na san da ya turo da na ji haushin ya turo.

Yau da safe na tashi da abu ɗaya da na tabbata da shi a duk duniya: babi na huɗu ƙarya ne, kuma Farfesa ce ta fi cancanta ta fara ji daga bakina. Sauran kuwa, auren, da hujjarsa, da abin da zan gaya wa Umma, na ture su gefe. Na yi wanka na sa atamfa mai shuɗi, na zauna a bakin gado takalmi ɗaya a ƙafa ina tsara saƙon. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Farfesa mace ce da ba ta son kewaye-kewaye. Daga ƙarshe na tura mata: “Barka da safiya, Farfesa. Na gano matsala babba a hujjar babi na huɗu. Ina neman izinin ganinki yau in da hali.”

Ta kan yi yini ba ta amsa saƙo ba, don haka na sunkuya ina neman ɗaya takalmin a ƙarƙashin gado. Ban kai ga ciro shi ba wayar ta yi ƙara.

“Ki taho yanzu. Wanda zai aure ki yana zaune a gabana tun da na buɗe ofis, da takardu a hannunsa. Na tambaye shi me ya kawo shi, ya ce ba shi da ikon cewa komai sai kin iso.”

Na karanta sau uku. Ban san ko zuwa ya yi ya tsaya a gefena ba, ko kuwa ya sake riga ni yanke hukunci a kan abin da yake nawa. Daga falo na ji Baba yana tambayar Umma ko Auta ta fita, yana son magana da ni kafin in tafi. Na zura ɗaya takalmin, na ɗauki jakata, na tsaya a bayan ƙofar ɗakina hannuna a kan mariƙin, ina jin takunsa yana matsowa.